Safiyar da Bonet Ya Ƙi Rufuwa a Khartoum

Tun da yaƙin nan ya tashi a Sudan, ba ranar da zan zauna a rumfar tasharmu ta Gumel ba a taso ni da tambaya ba. Wannan ya ce, "Habu, kai da ka je ka gani, yaya garin yake?" Wancan ya ce in faɗa musu ko gaskiya ne mutanen can shayi suke sha a madadin ruwa. Na gaji da gutsura labarin kaɗan-kaɗan, ana katse ni duk lokacin da mota ta cika. Kuma akwai wani yanki da kullum nake tsallakewa, domin ni ne na yi abin kunya a cikinsa. To yau zan rubuta shi duka, wanda zai yi dariya ya yi.

Ba yawon buɗe ido ne ya kai ni ba, Baba ne ya aike ni. Yana da ƙanwa guda a duniya, Gwaggo Hajara, kuma rabonsa da ita tun yana ɗan shekara goma sha huɗu. Kakanmu ya tafi aikin Hajji ta ƙasa da iyalinsa, a hanyar dawowa kakarmu ta rasu a Umdurman. Ranar da ayarinsu zai tashi, aka bar wa Baba riƙon Hajara a bakin kasuwa, ita tana 'yar shekara takwas. Ya saki hannunta ya je kallon masu kokawa. Da ya dawo babu ita. Kwana uku suna nema, ayari ya ce ba zai ƙara jira ba, suka taho. Sai bayan shekaru wasu alhazai suka kawo labarin cewa tana raye, wata Bahaushiya mai ƙosai ce ta raine ta, har ta yi aure ta hayayyafa.

Da waya ta zo, ɗanta Usman ya nemo mu, muna gaisawa da shi sosai. Amma ita ko sau ɗaya ba ta yarda ta karɓi waya ta yi magana da Baba ba. Yau a ce tana barci, gobe a ce kunnenta ba ya ji. Baba ya fassara abin da kansa, ya ce ba ta yafe ba. Da ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa zuwa masallaci, sai ya kira ni ya ce, "Ka je ka tsaya a gabanta ka roƙar mini gafara da bakinka. Ba na son in kwanta da wannan a wuyana." Abin da na tafi yi ke nan, ba wani abu ba.

Shekarata talatin da ɗaya ina tuƙi, kuma a tafiyar nan na gane ba abin da ya fi wahalar da direba kamar zama fasinja. Daga Gumel zuwa Maiduguri ƙafata ta dama tana taka birkin da babu shi. Daga Maiduguri zuwa Gamboru na yi ta ba direban shawara a kan giya, har ya tsaya a gefen hanya ya ce, "Malam, ko dai ka karɓi sitiyari ko ka yi mini shiru." Na yi shiru na kamar minti goma.

A bakin iyaka wani jami'i ya buɗe jakata, warin daddawa ya buge shi, ya ja da baya yana wani yare da ban ji ba. Matar Baba ce ta cika mini ita da daddawa da kuka da kilishi, wai a kai wa Gwaggo ta ji ƙanshin gida. Na yi ta nuna masa baki da ciki, alamar abin ci ne, yana girgiza kai. Wata 'yar kasuwa daga Marwa, ƙatuwar mace mai murya, ita ta shiga tsakani da Faransanci. Ta ɓalli daddawar ta jefa a bakinta a gabansa. Ya rufe jakar da sauri ya ce mu wuce.

Bayan mun tsallaka ne ruwa ya ɓalle. Hanyar Kusiri ta zama taɓo, wata tirela ta kafe a tsakiya ta toshe ko'ina. Kwana biyu muka yi a wani ƙauye, muna kwana a kan bencin mai shayi muna cin biredi da kifin gwangwani. Ni da nake ganin yadda za a fitar da tirelar, ba wanda ya saurare ni, don ba yarenmu ɗaya ba. Kafin mu isa Njamena jirgin da zan hau ya tashi, na gaba kuma sai bayan kwana uku. Wani mai sayar da goro ɗan Damagaram ya ba ni ɗaki a gidansa, ya ciyar da ni gasasshen naman raƙumi, Allah ya saka masa. Amma ban ji daɗin ko loma ɗaya ba. Safe da yamma ina zirga-zirga a tsakar gidan mutane, har matarsa ta tambaye shi ko baƙon nasa lafiya yake.

Na sauka Khartoum da la'asar sakaliya, zafi kamar an buɗe tanda. Usman na jirana da farar jallabiya da wani ƙaton rawani. Na miƙa masa hannu, shi kuma ya kai wa kafaɗata duka, na zaci wasan taubasantaka ya fara tun daga filin jirgi, ni ma na rama da ƙarfi. Ashe haka suke gaisuwa, a dafa kafaɗa tukuna sannan a yi musabaha. Ya yi dariya ya ce, "Ya zol, gaisuwa ce, ba dambe ba. Marhaba da ɗan kawu." Ya zol ɗin nan ita ce "kai wane" a wurinsu, ba sa jimla uku ba su sa ta ba. Hausar Usman tana nan daram, sai dai kowace magana da ɗan Larabci a gindinta.

A mota ya gaya mini abin da ya tayar mini da hankali. Ya ce Gwaggo za ta koma Ubayyid wurin babbar 'yarta, komawa ta dindindin. Da an sa tafiyar sai wata mai zuwa, amma da ta ji ina tafe sai ta ce ita gobe za ta tashi, motar ƙarfe sha ɗaya na safe. Na ce to mu wuce wurinta yanzu-yanzu. Ya ce an rufe gadojin da ke tsallakawa Umdurman ranar, sai da safe. "Mafi mushkila," in ji shi, wato ba damuwa. "Mu yi asuba, mu kama hanya, kafin bakwai muna gabanta. Awa huɗu za ka yi da ita, har ka gaji."

Usman direban wani attajiri ne a unguwar Alsahafa, kuma a ɗakin da aka ba shi a gidan na sauka, domin maigidan da iyalinsa sun yi tafiya. Ɗakin ma don ajiye kaya ne kawai. Su mutanen can a tsakar gida suke kwana, a kan gadon igiya, sama a buɗe. Abincin dare wake ne da aka dama da man riɗi da albasa, a kwano ɗaya, ana dangwala da biredi. Shayinsu kuwa, in ka tsayar da cokali a ciki ina jin zai tsaya saboda sukari. Na ci, na yaba, amma idona yana kan motar da ta ɗauko ni, wadda aka jona wa igiyar wuta a bango kamar wayar hannu. Tun daga filin jirgi ban ji ƙarar inji ba. Usman ya ce da lantarki take aiki, maigidan ya shigo da ita daga waje, kuma a duk unguwar ba mai irinta.

Yanzu ga inda nake tsallakewa.

Duk wanda ya san ni a tasha ya san ba na tayar da mota da safe sai na buɗe bonet na duba ruwa da baƙin mai. Ko motar wani na kwana kusa da ita, hannuna ƙaiƙayi yake. Bayan sallar asuba Usman ya shiga wanka, ya bar makulli a kan kujera. Na ce a raina, tafiya mai muhimmanci irin wannan, a ce ba a duba mota ba? Na ɗauki makullin, na danna nan, na danna can, sai bonet ya ɗan ɗaga. Na buɗe.

Babu inji. Babu lagireto, babu geji, babu ko bel ɗaya. Wani rami ne mai shimfiɗa kamar ƙaramin akwati, da tabarmar salla a naɗe a ciki. Na yi salati, na leƙa ƙasa ko injin ya faɗi. Da na gama mamaki sai na ce to ai ga wurin ajiye tsaraba, na ɗauko jakar daddawa na saka. Sannan na ɗaga murfin na sake shi daga sama, yadda na saba. Ya yi tsalle ya dawo, don ba shi da nauyi ko kaɗan. Na sake bugawa da ƙarfi. Ya ƙi. Na ce ƙugiyar ce ta cije. Na zaro ƙaramar sukudirebar da ba ta rabuwa da aljihuna, na zura a bakin ƙarfen da ke kama murfin, na tura. Na ji ƙas, bakin ya rufe. Na sauke murfin, sai ya tsaya a kai, tsakaninsa da jikin mota yatsa biyu. Na sake zura sukudireba don in mayar da shi yadda yake, ya ƙi motsi. Gumi ya karyo mini tun rana ba ta fito ba.

Usman ya fito yana naɗa rawani, ya tsaya cak.

"Ɗan kawu, me ka yi wa arabiyya?" Haka suke kiran mota.

"Buɗewa kawai na yi in duba ruwa."

"Wane ruwa? Randa ce?"

Ya yi dariya, ya ce ba a buga wannan murfin, lallaɓa shi ake yi. Ya nuna mini: a sauke shi a hankali har ya taɓa, a ɗora tafin hannu biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu da tambarin gaba, a danna sau ɗaya. Ya danna, shiru. Ya sake, shiru. Dariyar ta fara barin fuskarsa. Ya ce sau biyu kacal ya taɓa rufe shi, kuma haka ya yi ya rufu. Ya dube ni ya ce, "Ba ka taɓa wani abu ba?" Sukudirebar tana aljihuna, ina jin sanyinta a cinyata. Ni, direban shekara talatin da ɗaya, in ce wa taubashina na ɓata motar da ban sani ba da ƙarfen naira nawa? Zai ba jikokinsa labari. Na ce ban taɓa komai ba.

Na ce mu bar motar mu hau ta haya. Ya ce ba zai iya barin motar mutane baki buɗe ba, uwargidan tana dawowa da azahar, kuma amana aka ba shi. Na ce to ni in tafi ni kaɗai. Ya ce ko na gane gidan, in ba shi a gabana Gwaggo za ta shige ɗaki ta ce a ce ba ta nan. Akwai wani makaniki Bahaushe a unguwar Mayo, Usta Bala, minti goma ne daga nan, shi zai gyara mu wuce. Ya kwance rawanin da ya gama naɗawa, muka ɗaure murfin da shi.

Minti goman nan sai da ya zama kusan awa ɗaya. Motar ta san bakinta a buɗe yake, ta ƙi yin gudun da ya wuce na keke, ga wata ƙara tana yi mana, ƙin-ƙin-ƙin, ba ƙaƙƙautawa. Mayo kuma kudu take, Umdurman arewa, wato nisa muke ƙarawa. Ina zaune ina duba agogo, ina taka totur ɗin da babu shi a ɓangarena.

Mayo ta tuna mini da bayan tashar garinmu. Gidajen ƙasa, masu kurar ruwa da jakuna, mata masu shayi a gindin kowace bishiya, kuma Hausa tana tashi ta ko'ina. Wani dattijo da ya ji daga Najeriya nake ya riƙe hannuna yana tambayata ko har yanzu ana cin kasuwar Maigatari, wai kakansa daga can ya taso. A wata rana da na zauna mun sha hira. Ranar nan amsa nake ba shi ina leƙen bayansa.

Usta Bala bai zo garejinsa ba sai wajen takwas da rabi. Da ya zo kuma sai gaisuwa, kuma gaisuwar mutanen nan ta fi tamu tsawo, a tambayi lafiya sau bakwai a amsa sau bakwai. Ya zagaya motar, ya kwance rawanin, ya danna murfin da gwiwa. Ya kira maƙwabcinsa mai walda ya hau kai ya zauna. Usman ya yi ihu ya ce alminiyon ne, zai lotsa. Mutane suka taru, kowa da dabararsa. Wani ya ce a zuba baƙin mai, wani ya ce a cire batir, aka rasa inda batir ɗin yake. Usta ya leƙa bakin ƙarfen da tocila, ya ɗago ya ce, "Wannan kamar an taɓa shi. Wani ya sa masa ƙarfe?"

Idon kowa ya dawo kaina. Mutum ya kai ashirin a wurin. Na ce, "Haka muka gan shi."

Allah ya gani, na so in faɗa. Amma ƙarya ta biyu ta fi ta farko saurin fita, don yanzu ba ɓarnar kaɗai zan amsa ba, har da ƙaryar asuba.

Usta ya aika a ɗauko guduma. Usman ya shiga tsakaninsa da motar ya baje hannu. Ana cikin wannan sai ga babban kwanon wake an ajiye a ƙasa, wai fatur, karin kumallonsu, wanda ba sa ci sai rana ta take. A can in aka ajiye kwano, aiki ya tsaya ke nan, kuma baƙo bai isa ya ce ya ƙoshi ba. Na ce ina sauri. Usta ya kama hannuna ya ce, "Wallai sai ka ci. Ɗan gida ya zo daga Najeriya ya tafi da yunwa?" Na tsuguna na ci loma biyar, ban san ta inda suka bi ba. Da aka wanke hannu ya ce gaskiya shi bai san kan wannan mota ba, mu gwada maƙeran Kasuwar Umdurman. Ƙarfe tara da rabi ta wuce. Usman ya kira ƙanwarsa da ke tare da Gwaggo ya ce a roƙe ta ta jira motar gobe. Amsar da ta dawo ita ce, kaya sun riga sun hau, kuma ita ba ta ce kowa ya zo ba.

Muka sake ɗaure murfin muka rarrafa. Ba zan iya ba ku labarin tsakiyar Khartoum ba, don ban gan shi ba. Na san dai mun wuce manyan gine-gine, na san masu keke-napep, da suke kira raksha, sun yi ta wuce mu suna mana dariya. Wani mai amalanken jaki ya jera da mu ya tambayi Usman ko a ja mu. Usman yana tuƙi, kansa ba rawani, rana tana dukansa ta gilashi.

Muna hawa gadar da ke kan Farin Nilu ya yi magana, ba tare da ya dube ni ba. Ya ce, "Ka san tun ina yaro nake jin Yumma tana kiran sunan Idi a cikin barci? Ban taɓa gaya mata ba. Na zaci yau abin nan zai ƙare." Yumma ita ce inna a bakinsu, Idi kuma sunan Baba ne. Ya share fuska ya ce, "Ma'alesh, yi haƙuri, laifina ne. Da na bar motar tun farko."

Nan ne abin ya fi ƙarfina. Mutum yana ɗaukar laifina yana ɗora wa kansa, ga agogo ya nuna sha ɗaya saura minti ashirin da biyar. Na zaro sukudirebar na ajiye ta a kan cinyarsa. Na ce, "Ni ne. Na tura bakin ƙarfen da wannan, ya rufe tun murfin yana sama."

Ya taka birki a tsakiyar gada, motoci suka hau yi mana ham.

"Tun asuba? Ya zol, tun asuba kana zaune a kan wannan?"

Na gyaɗa kai. Ya dube ni, ya dubi gilashin da ke gaban sitiyari inda ake sarrafa motar, sai ya buga goshinsa. Ya ce in bakin ya riga ya rufe, ai motar gani take ta kama murfin, sai an ce mata ta saki. Duk safiyar nan ba wanda ya yi tunanin danna wurin buɗewa, don wa zai ce a buɗe abin da yake a buɗe? Ya danna. Daga gaba muka ji ƙas. Muka fita a guje, ya warware rawanin, ya sauke murfin a hankali. Ya ce, "Zo, kai za ka rufe." Na ɗora tafin hannuna biyu, dama da hagu, na danna sau ɗaya. Ya shige ba ko gardama. Abin da ya ci mana awa huɗu da rabi bai kai ƙiftawar ido biyu ba.

Yadda motar nan ta tashi da mu daga kan gada, sai da kaina ya bugi kujera. Wannan karon ban ba direba shawara ko ɗaya ba. Amma Kasuwar Umdurman ba ta san sauri ba. Masu yadi, masu kayan yaji, masu tura kura, kowa a tsakiyar titi. Usman ya jefar da motar a gaban shagon wani tela da ya sani, muka ƙarasa da ƙafa, muna gudu kamar ɓarayi, zuwa tashar motocin yamma.

Bas ɗin ya riga ya rufe ƙofa, inji yana aiki, hancinsa ya fara fita. Usman ya sha gabansa ya tsaya yana rantsuwa da Larabci. Ni kuma na bi tagogi ɗaya bayan ɗaya ina kira, "Gwaggo Hajara! Gwaggo Hajara!" A taga ta biyar wata tsohuwa 'yar ƙarama ta juyo. Ta rufe rabin fuskarta da laffaya saboda hayaƙi, idanunta kawai nake gani, kuma idanun Baba ne. Ta ja gilashin kaɗan.

Duk jawabin da na tsara tun daga Gumel ya gudu. Na ce, "Gwaggo, ni ne Habu ɗan Idi. Baba ya ce in roƙe ki ki yafe masa. Ya ce shi ya saki hannunki."

Ta ƙura mini ido. Direba yana ham, Usman yana dukan gaban bas. Sai ta ce, "Abin nan naku yana ɗaukar magana? Kunna."

Na kunna wayar na ɗaga ta zuwa taga.

"Idi, ni ce Hajara. Ba kai ka yar da ni ba. Ranar nan ina ƙarƙashin gadon mai ƙosai, ni na shiga da ƙafata. Ina jin ka kana kirana, kwana uku, har muryarka ta dushe, na toshe bakina da zane. Hanyar nan ta ci Inna, na ji tsoronta. Kuma ban so a tafi a bar Inna ita kaɗai a ƙasar mutane. Ba fushi ne ya hana ni karɓar waya ba, kunya ce. Kai za ka yafe mini. Halas, shi ke nan."

Ta zuro hannu ta dafa kaina. Bas ya ja, na bi shi taku goma, ta rufe gilashi. In na ƙirga duka, ban yi minti uku da ita ba. Daddawar ma tana can kulle a gaban mota, sai daga baya Usman ya ba wani direba ya kai mata. Ganina da ita na farko ke nan kuma na ƙarshe, domin Allah ya yi mata rasuwa a Ubayyid da azumin da ya biyo baya.

Na ƙara kwana huɗu a wurin Usman. Ya kai ni kabarin kakarmu, ya kai ni inda koguna biyu suka haɗu, ya saya mini rawani irin nasu. Bai sake tayar da maganar sukudireba ba, ko da wasa, kuma wannan ya fi mini zafi a kan da ya yi ta tsokanata. Dawowa ba ta yi wahala ba, hanya ta bushe.

Na iske Baba a zaure, a kan buzunsa. Ban tsaya doguwar gaisuwa ba, na kunna masa. Ya kara wayar a kunnensa mai ji. Ham ɗin bas ya cinye wasu kalmomin, sai da na maimaita masa su da bakina. Da ta ƙare ya sauke wayar daga kunnensa. Can ya ce, "Ja'ira. Ƙarƙashin gado." Ya yi wata dariya da hawaye a cikinta, ya ce in sake kunnawa. Sau huɗu muka ji.

Daga nan ya gyara zama, ya matso kusa da ni kamar yaron da za a ba tatsuniya. Ya ce in ba shi labarinta duka. Yaya gidanta yake? Me ta dafa mini? Tana tafiya da sanda? Na ce a tasha na same ta, mota tana shirin tashi. Ya ce to, ba komai, ai dai ka gan ta.

"Ta tsufa?"

"Ta tsufa, Baba."

"Wushiryar nan tata fa, tana nan? Tana da wushirya, in ta yi dariya har iska take shiga."

Na sunkuyar da kai. Da na isa da ƙarfe bakwai, da na zauna a gabanta, da ta sauke laffayar, wataƙila ma da na ba ta dariya. Baba yana ta kallon bakina yana jira.

Na ce, "Ban ga bakinta ba, Baba. Na makara."